Kwalbar da Baba Ya Buɗe

Yaya,

Na yi ta kiranka, wayarka a kashe. Mun tafi asibiti da Baba.

Cikin tsofaffin kwalaben maganin da kake tarawa, ka san mai ruwan ƙasan nan ta saman kabad, wadda ka ce ta girmi Kaka? Baba ya ɓalle murfinta da safe ya kurɓa, wai bayansa ke ciwo. 

Takardar jikinta ta goge, kai kaɗai ka san abin da ke ciki. Kana shigowa ka kira ni, likita zai tambaya.

Shi kuwa ko a jikinsa. Wai ciwon ya sake shi, yana tambaya ko kana da wata.

Ƙanwarka