Motar da Ta Tare Bakin Gada

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin hukuma.

Ni na sare dajin da ke tsakanin injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa. Ni na cike fadamar nan da duwatsu, lokacin da ko jaki ya shiga sai an ciro shi da igiya. Ni na fara sauke dilar auduga a tasha da motata, manaja yana shirin rufe injin don kaya sun rasa hanyar fita. Ba hukuma, ba banki, ba ɗan'uwa, ba kowa. Kai a lokacin kana yawo da gajeren wando.

Yanzu kun shafa wa hanyata kwalta, kun kafa allo: sunan shugaban hukuma, sunan ɗan kwangila, har da na mai fenti. Na sa tabarau na duba, babu nawa.

Shi ya sa na gicciye tsohuwar motar a bakin gada, na kwance tayoyinta. Ku yi bikin buɗewar a ƙarƙashinta.

Ka gaida yara.
Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Allah ya huci zuciyarka.

Tirelolin auduga sun yi layi tun daga gada har ƙofar injin, jirgin kaya kuwa ba ya jiran kowa. In ya tashi wayam, leburori za a sallama. Shugaba ya ce a kawo motar janwe, na roƙa aka dakata zuwa jibi.

Amma Yaya, "ba kowa"? Gajeren wandon nan bai rufe mini ido ba. Na ga marigayiya matarka da goyo a baya, da kwanon duwatsu a ka, tana bin sawun motarka cikin taɓo. Allah ya jiƙanta.

Don Allah ka ɗauke motar.

Ƙanenka mai biyayya.

*

Ƙanena,

Na ga takardarka. Yaro dai yaro ne, ko ya yi furfura.

Ban manta da ita ba. Ni da ita ba a taɓa ƙirga mu mutum biyu ba, shi ya sa na ce ba kowa.

Na mayar da tayoyin, na ja motar gefe, tirela ɗaya za ta wuce a hankali. Don leburori na yi, ba don shugabanka ba. Rabin hanyar yana hannuna.

Ku kira mai fenti. A rubuta sunanta a sama, nawa a ƙasa, da manyan baƙaƙe. Ina zaune a kan motar har fentin ya bushe.

Wassalam.
Yayanka.