Ankon Abokan Bulus

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ba ka labarin jana'izarka, don akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ka tuna ranakun Lahadi, idan oga ya yi tafiya, yadda kuke taruwa a ɗan ɗakina a gidan da nake aikin kuku a Maitama, kai da Dauda da Femi. Mu rufe taga, mu rage murya, mu kunna wasan nan mai dogon zango na baƙaƙen fata huɗu a Amurka, maza masu son maza irinmu. Su yi faɗa, su shirya, wani ya ƙwace wa wani saurayi, amma in ɗaya ya kwanta a asibiti sauran suna bakin gadonsa. Kowannenmu ya zaɓi nasa a ciki. Femi ya ɗauki sarkin surutu. Dauda ya ce shi ne wanda ba ya gudu, yana faɗa yana riƙe da hannunka.

Kullum cewa kake, "Mu ma ai huɗu ne."

Da mota ta kife da kai a hanyar Gwagwalada, wayarka ta faɗa hannun yayanka. Tun kana ɗakin ajiye gawa Dauda ya goge hotunanku, ya canza lamba. Femi ya turo mini hoton fuska mai hawaye, ya ce an hana shi hutu a wurin aiki. Wayar taka fa a kulle take, Bulus, har yau ba wanda ya iya buɗe ta.

Mamanka ba ta san komai ba, ko kuma ta sani ta yi shiru. Abin da ta riƙe shi ne kana yawan yi mata zancen abokanka uku na Abuja. Ka san yadda ake yi a cocinku na Paikon Kore, abokan mamaci ne ke sa anko su kama akwati tare da 'yan'uwansa har bakin kabari. Ta sayi shuɗin yadi, ta sa aka ɗinka riguna uku, ta aiko mini. Ta ce so take ta ga idon mutanen da suka riƙe mata ɗa a birni.

Na je har ofishin Dauda. Ya sa aka ce mini ba ya nan, ga motarsa a waje tana kallona. Ba na zagin mai tsoro, ni ma da shi nake kwana da shi nake tashi. Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Mutumin da ka yi jinyarsa lokacin da danginsa ba su ko leƙo shi ba, shi ne ya kasa ba ka wuni guda.

Na kasa mayar wa tsohuwa riguna biyu a leda. Sai na roƙi Malam Sani maigadin gidan oga, wanda iyakarku gaisuwa a bakin ƙofa, da Yohanna mai ban ruwan fulawa. Malam Sani bai taɓa taka coci ba, amma ya ce raka gawa lada ne. Rigar ta yi masa yawa, haka ya sa ta. Mu uku muka kama akwatinka.

Bayan an rufe ka, Mama ta zo ta riƙe hannun Malam Sani da hannu biyu, ta tambaye shi ko shi ne Dauda. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce eh. Ta fashe da kuka, ta ce kullum sunansa ne a bakinka, ta gode da bai yashe ka ba.

Na yi kewarka, ɗan'uwana, kewar da ba ni da wanda zan gaya wa.

Allah ya jiƙan ka, ya ba Mama haƙuri. Ya saka wa Yohanna da Malam Sani da alheri, ya yafe wa Malam ƙaryar da ya yi dominmu. Dauda kuwa, bakina bai kai ga yi masa addu'a ba tukuna.

Amininka,
Iliya