Jana'izar Baba Ndagi

Daren Alhamis, cikin watan Rajab, Birnin Kudu.

Yau aka binne Baba Ndagi, Banufen nan mai zanen bango. Da ƙuruciyarsa ya zo, da furfura ya tafi. Daga nan har Gwaram babu zauren kirki da hannunsa bai ƙawata ba. Amma Mai'unguwa Jibo ya ƙi halartar jana'izar. Yana zaune ƙarƙashin zanen mamacin ya ce mini, "Inna Malama, ai baƙo raɓa ne."

Raɓar da ta tsufa a cikinmu! Jibi zai gayyaci mata daɓen sabon ɗakinsa, alhali matan unguwar nan a gabana suka koyi Fatiha. Na riga na aika musu: ko ɗaya ba za ta ɗauki madaɓi ba. Sai ya daɓe da tafin hannunsa.