Na Tura Wa Yayana Hoton Filin Da Ba Shi Ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, mu 'yan zango ba mu da yawa a Greensboro, kowa ya san muryar kowa. Kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don abin da nake gaya wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Kumasi ce, na daɗe a nan. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ina zaune da 'yata ɗaya tun bayan rabuwarmu da babanta. Ina da wa a gida, kowa Alhaji yake ce masa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, shi ya biya mini makaranta, har tikitin da na zo da shi daga aljihunsa ya fito. Ba zan taɓa cewa mugu ne ba. Amma mutum ne da idan yana wuri ba wanda yake da ra'ayi sai shi. Lokacin da nake da ɗan shagon atamfa a Kumasi, makullin a hannunsa yake kwana. Sai da na zo ƙasar nan na san yadda mutum yake tashi da safe ya tsara yininsa ba tare da ya nemi izini ba.

Bara ne ya kira ni yana ta murna, wai ya ji akwai bizar masu zuba jari. Ka sa kuɗinka a wani aiki da zai samar wa mutanen nan aikin yi, sai a ba ka girin kad, wato takardar zama ta dindindin, kai da matarka da 'ya'yan da ba su kai ashirin da ɗaya ba. Kuma wai idan aikin a karkara yake, abin ya fi sauƙi. Ni ce ma da bakina na haɗa shi da wani bawan Allah ɗan Jos, zan kira shi Malam Bitrus, dillalin gidaje ne, dattijo a cocinsu, shi ya samo mini gidan da nake ciki lokacin da ba ni da kowa. Malam Bitrus ya haɗa shi da lauya a cikin gari, aka nuna masa wani aiki can gabas, bayan McLeansville: babban sito mai sanyi da za a riƙa ajiye dankali da kaji na manoman yankin kafin manyan motoci su kwashe. Alhaji ya ce shi ba ya sayen abin da idon gida bai gani ba, in je in duba masa.

Ana gobe zan je muka yi waya. Yana ta lissafa yadda abin zai kasance, sai ya ce, "Idan na iso zan sayi babban gida a unguwar Sedgefield, ki tattaro ki dawo wurina. Ki bar wankin tsofaffin nan haka. Ita kuma yarinyar nan a cire ta daga ƙwallon da na ji tana bugawa da gajeren wando." Na ce to, Yaya. Abin da na saba ce masa ke nan tun ina ƙarama. Amma da na ajiye wayar na san ba na son in koma ƙarƙashin ikonsa.

Na je wurin, kuma wallahi aiki ne na gaske. Ginin ƙarfe ya tashi, ma'aikata da hulunan kwano suna ta kai da kawo, wata baturiya ta zagaya da ni har ɗakunan sanyin da ba a gama ba. Na ɗauki hotuna masu kyau. A hanyar dawowa ne na ga wani fili a gefen titi, ciyawa ta cinye shi, sai wata tsohuwar rumfar shanya taba da ta karkace. Ban san me ya taka mini birki ba. Na tsaya, na fito, na ɗauki hoton filin, na tura wa Alhaji na ce ga abin da na tarar. Sannan na goge na gaskiyar. Wace irin ƙanwa ce take yin haka? Mutumin da ya sayar da motarsa don in yi karatu?

Ni a tunanina zai yi tsaki ne kawai ya bar maganar. Ashe ban gama sanin yayana ba. Ya tura hoton a duk gurup ɗin waya da yake ciki, ya yi sautin murya mai tsawo yana kiran sunan Malam Bitrus, yana cewa ɗan damfara ne mai fakewa da coci. Kafin sati ya zagayo maganar ta dawo Greensboro. Mutanenmu biyu da za su sayi gida ta hannunsa suka janye. Matarsa da muke haɗuwa a shagon kayan Afirka, da ta saba rungume ni, yanzu idan ta hango ni sai ta shiga wani layin. Ni kuma ga ni an mai da ni jaruma. Alhaji yana gaya wa kowa cewa ƙanwarsa ta ceci dukiyarsa, har zinare ya aiko mini ta hannun wata hajiya. Yana cikin durowa, ko taɓa shi ba na iya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yar Alhaji ta fari. Yarinya ce mai ƙoƙari, burinta ta zo ta karanta aikin jinya, kuma shekarunta sun kusa wuce iyakar da za ta iya shigowa a takardun babanta. Ta kira ni ba da daɗewa ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Anti, na gode da kika duba mana. Allah bai yi ba ne." Na ce mata haka ne. Na sa sunan Allah a kan ƙaryata. A wurin aiki ina ba wata tsohuwa abinci sai na ga cokalin ya tsaya a iska, ita ce ta taɓa hannuna ta tambaye ni ko lafiya. Salla ma sai in idar ban san me na karanta ba.

Sai ga shi ranar Talatar nan na je Elm Street, ina fitowa daga mota muka yi kiciɓis da Malam Bitrus. Na so in juya, ya riga ya gan ni. Ya rame. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi 'yata da makaranta, sannan ya ce, "Hajiya, na yi ta tunani, ina ganin taswirar wayarki ce ta ɓatar da ke ranar. Hanyoyin can suna kama da juna. Ranar Asabar in zo in kai ki da kaina, ki gani da idonki, sai ki gaya wa Alhaji." Ban sani ba ko da gaske ya yarda ɓata na yi, ko kuwa ya gane komai yana ba ni hanyar fita ne ba tare da na ji kunya ba. Na ce masa to.

Yanzu ga inda nake. Idan na bi shi na dawo na ce ɓata na yi, sunansa zai wanku, wataƙila 'yar Alhaji ta samu shiga, amma na rufe ƙarya da wata ƙaryar, kuma Alhaji zai zo da gidansa na Sedgefield, ni kuwa na san bakina, to zan sake ce masa. Idan na faɗi gaskiya duka, na san yayana, zai iya cire ni daga cikin 'yan'uwansa har ya mutu, kuma ban san da wane ido zan kalli mutanen garin nan ba. Idan na yi shiru na ƙi zuwa, mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri zai ci gaba da yawo da sunan ɓarawo. Shin akwai yadda zan gaya wa Alhaji cewa ina son ya zo amma ba na son ya mallake ni? Akwai wadda ta taɓa faɗa wa wanda ya raine ta irin wannan maganar suka ci gaba da zumunci?

Yau Alhamis. Jibi da hantsi Malam Bitrus zai tsaya da motarsa a ƙofar gidana. Don girman Allah ku ba ni shawara, me zan yi?