Ɗakin Bayan Rumbun Dusa

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Matarka ta shiga watanta, ƙafafunta sun kumbura, kai kuma kana can gonar kiwo kana karɓar haihuwar shanun wani. Ban tarbiyyantar da kai haka ba. Namijin da ya san darajar iyalinsa ba sai an tuna masa ba. Ka nemi izini ka taho.

Mahaifiyarka.

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi, ya jikin surukarki? Wallahi hankalina yana wurinku. Amma yanzu karsanoni masu haihuwar fari suke zubawa. Jiya wani maraƙi ya taho da ƙafafun baya, sai da na zura hannu har kafaɗa kafin ya fito. Abokin aikina kuma wani sa ya take masa ƙafa. Ki riƙa lura, idan ta ƙi abinci tana yawan kwanciya da tashi, to abin ya matso.

Ɗanki.

Auta,

Matarka ba saniya ba ce, kuma ba kai za ka koya mini alamar naƙuda ba. Ni na haife ka. Na ce mata zan rubuta wa manajanku da kaina, sai kawai ta fashe da kuka tana cewa, "Don Allah Mama, kada ki yi." Me kuke ɓoye mini? Ba na son ƙumbiya-ƙumbiya.

Mahaifiyarka.

Mama,

Allah ya huci zuciyarki. Akwai ɗakin iyali ɗaya da ya rage a bayan rumbun dusa. Manaja ya ce wanda ya tsaya har ƙarshen haihuwar shanu, shi za a ba. Surukarki ce ta roƙe ni in tsaya. Ba wai kin yi mata wani abu ba ne. Ta ce tana son ta dafa abin da ta ga dama, ko da ya ƙone, kuma ɗanta ya san fuskar ubansa. Mun ji nauyin faɗa miki ne. Idan kin ce in taho, gobe zan hau mota.

Ɗanki mai biyayya.

Auta,

Na daɗe da takardarka a hannu. Ni ina zaton gyara nake yi mata, ban san gidana ya yi mata ƙunci ba. Har yanzu ina ganin kun yi kuskure da kuka rufe ni.

Ta sauka lafiya, an samu mace, mai irin goshinka. Kada ka taho. Ka share ɗakin, ka sa raga a taga saboda ƙudan garke. Idan jaririyar ta yi ƙwari, ni zan kawo su.

Mahaifiyarka.