Takalman da Aka Dawo Mana da Su

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Umma ce dai har yanzu, amma tana ɗan takawa zuwa tsakar gida.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don bakina ba zai iya faɗinta a waya ba. Shagon takalman da Baba ya bar mana yana neman mutuwa a hannuna, kuma laifina ne. Ka tuna Kawu Dogo, da yake kan keken ɗinki tun muna firamare? Ka san halinsa, da ya ci abincin rana sai ya ɗauki hularsa ya tafi bakin tasha wurin masu gyaran takalma, ya share awa guda. Baba bai taɓa ce masa uffan ba. Ni kuwa da na karɓi shago, da ɗan karatuna da rawar kaina, na ce ɓata lokaci ne, na hana. Ya dube ni kawai ya ce to.

Ashe can yake samo mana komai. Duk takalmin da ya lalace wurinsu yake ƙarewa, sai su nuna masa inda yake fara yagewa, wane gam ke saki, wace fata ke tsagewa. Ɗinki biyun da muke yi a dunduniya, wanda iyayen yara ke yabo, daga can ya zo da shi.

Da wata makaranta ta ba mu aikin takalman ɗalibai, na sayo sabon gam mai saurin kamawa. Kawu ya shinshina, ya ce bai san shi ba, in bari ya je ya tambayo. Na ce ba mu da lokacin hira. Ashe masu gyara kuwa duk sun san gam ɗin, ruwa ɗaya ke sakinsa. Sati uku da faɗuwar damina aka dawo mana da buhu huɗu, kowane takalmi ya wage baki kamar kifi. Shugabar makarantar ta ce kada ta ƙara ganin ƙafata. Kunya ta rufe ni, Yaya, sai na ɗora wa Kawu laifin a gaban ma'aikata. Washegari bai zo ba. Sauran ma'aikatan biyu yanzu goge keke suke wuni yi, babu abin ɗinkawa.

Jiya na daure na je tashar. Na same shi a kan benci, tabarau a karan hanci, ga takalmanmu jibge a gabansa, waɗanda wasu iyayen suka kai gyara maimakon su dawo da su. Yana ɗinke su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ko sisi ba ya karɓa. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma ba zai koma ba. Waɗannan ma, in ji shi, don tambarin Baba da ke jikinsu yake yi, ba zai iya ganin sunan mutumin nan a bola ba. Da kuka na dawo gida.

Don Allah ka kira shi, kai yana jin nauyinka. Umma ba ta sani ba tukuna. Na ce mata ciwon baya ne ya kwantar da shi, yau har ta ba ni man zafi in kai masa.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da takwarar Umma da ƙannenta. Gwaggo ma tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta