Duk Yaran Kilo Goma Ne

Laraba da dare, Agusta 2007, Samaru

Na kwanta na tashi, na sake kwanciya, barci ya ƙi zuwa.

Ni na dage cewa manhajar kwamfutar da nake haɗa wa asibitin nan na Sabon Gari kada ta bar likita ya rubuta wa yaro magani sai an shigar da nauyinsa, ita kuma ta lissafa abin da zai sha. Har bugun ƙirji nake yi da wannan dabarar.

Yau na leƙa ɓangaren yara. Wata jaririya ko zama ba ta fara ba, kwamfuta ta ce kilo goma. Wani ƙaton yaro yana ta guje-guje a baranda, shi ma goma.

Na tambayi Sista Rahila mai karɓar yaran. Ta ce, "Malam, sikelin ya lalace tun farkon damina. Injin naka ba ya wucewa sai an sa lamba, ga mata har bakin ƙofa. Ya kake so in yi?"

Allah ne ya sa likita ya ɗago ya kalli jaririyar, ya rage maganin.

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Da can da ido likita ke kintata nauyi, kuma ya san kintace ne. Yanzu lamba ce a kwamfuta, wa zai yi mata musu?

Gobe da sassafe zan shiga kasuwa in sayo sikeli. Amma yaran da suka riga suka tafi gida da kwalaben maganinsu, ina zan gan su?